Dokar Da Ba Ta Ambaci Sunan Abokin Gaba Ba

Kwana uku kacal bayan harin 11 ga Satumba, 2001, majalisar dokokin Amurka ta miƙa wa Shugaba George Bush wuƙa da nama: ya yaƙi duk wanda shi ya ga yana da hannu a harin. Ba a ambaci ƙasa ba, ba a yanke wa'adi ba. Barbara Lee kaɗai ta ƙi amincewa.

Ranar 7 ga Oktoba aka fara luguden wuta a Afganistan. Kabul ta faɗi a Nuwamba, amma Usama bin Laden ya sulale daga duwatsun Tora Bora. Wannan doka, wadda aka yi cikin zafin rai, ita aka riƙa kafa hujja da ita wajen tsare mutane a Guantanamo, daga bisani har da kai hare-hare Yaman da Somaliya.