Daga kwamfuta zuwa tubalin ƙasa: aikin Mariam Issoufou a Dandaji

A birnin Tahoua, da mutum ya samu kuɗi, musamman daga ci-rani, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne gidan siminti da rufin kwano. Idan watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, ɗakin ba ya shiguwa.

Mariam Issoufou ta bi wata hanyar. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aiki da shi, kafin ta koma zanen gine-gine a jami'ar Washington. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai.

A garin Dandaji na jihar Tahoua, ita da Yasaman Esmaili 'yar Iran sun mai da tsohon masallacin da ya fara lalacewa ɗakin karatu, suka gina sabo a kusa da shi. An kammala cibiyar, mai suna Hikma, a 2018. Tubalin ƙasa ne da aka matse da inji. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, sai dare ya sake shi, saboda haka ba a dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Ga kuma ragin siminti, wanda sarrafa shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon a duniya.

Ba baƙon abu ba ne a Adar. Masallacin ƙasa na Yama, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan tun 1986. Aikin da ya rage shi ne shawo kan masu cewa ginin ƙasa na talaka ne.