Tauraro Da Alamar Tambaya: Masu Nemo Miki Fayil

Yau kwamfuta ta shiga gidaje da yawa. Uwargida tana ajiye lissafin adashi da hotunan biki, 'yar makaranta kuma tana ajiye darussanta. Sai ran da ake bukata a nemi fayil a rasa, don an manta cikakken sunansa. To, kada hankalinki ya tashi, akwai dabara.

Alamomi biyu ne za su taimake ki. Ta farko ita ce tauraro (*), wadda ake samu in an danne Shift da lamba 8. Tauraro yana zama a madadin haruffa komai yawansu. Ta biyu alamar tambaya ce (?), ita kuwa gurbin harafi ɗaya tak take cikewa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1971 tana cikin tsarin Unix.

Ga misali. A kwamfuta mai Windows, buɗe jakar da kike zato, ki je akwatin bincike da ke sama ta hannun dama. In kin rubuta *.jpg, duk hotunan da sunansu ya ƙare da jpg za su fito. In kin tuna sunan ya fara da "adashi" amma sauran ya ɓace miki, rubuta adashi* kawai.

Ke kuma 'yar makaranta, in an koya muku Command Prompt, rubuta dir darasi?.docx. Za ki ga darasi1 har zuwa darasi9, amma ban da darasi10, domin lambobinsa biyu ne.

Sai dai a yi hattara. Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Wadda ta rubuta del *.jpg a Command Prompt ta shafe duk hotunan jpg na wannan jaka nan take. Kwamfuta ba za ta tambaye ta ba, ba kuma za su shiga kwandon shara balle a ɗauko su. Saboda haka kullum ki fara da dir, ki duba jerin da idonki tukuna.

A ƙarshe, ki riƙa raɗa wa fayilolinki suna mai tsari, kamar adashi-janairu da adashi-fabrairu. Sunan da aka tsara shi tauraro ke saurin kamowa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.