Abin Da Ya Kamata Ku Sani: Idan Iska Ta Yi Ƙaranci, Ƙoda Ce Ke Ba Da Umarnin Ƙara Jini

Wajajen shekarar 1890 wani likita Bafaranshe, François Viault, ya hau tsaunukan ƙasar Peru har garin Morococha, inda tsayi ya haura mita 4,000. Bayan 'yan makonni ya ɗiga jininsa a gilashi ya ƙirga, sai ya ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun ƙaru sosai. Bai sha wani magani ba, hawan dutsen kawai ya yi.

A can sama iska sakayau take. Kason oksijin a cikinta yana nan a 21 cikin 100 kamar na ƙasa, amma kowane numfashi kaɗan yake shigarwa, shi ya sa baƙo ke haki ko da tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Jajayen ƙwayoyi su ne 'yan dakon oksijin, don haka sai jiki ya nemi ƙarin 'yan dako.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, ba huhu ne ke lura da giɓin ba, ba kuma zuciya ba. Ƙoda ce. Akwai wasu ƙwayoyi a cikinta da kullum suke ƙera wani furotin mai suna HIF. Muddin oksijin ya wadata, ana ƙera shi ana rushe shi nan take. Da zarar ya ragu, rushewar ta tsaya, sai HIF ya taru ya tayar da sinadarin da ake kira EPO. Shi kuma EPO ya bi jini zuwa ɓargo da saƙo guda: a ƙara ƙwayoyi. Gano wannan tsari ne ya sa aka bai wa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Cikin 'yan sa'o'i EPO ke fara hauhawa, ya kai ƙololuwa a kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya sauko ko da mutum yana kan dutsen. Amma ɓargo ba ya gaggawa, sai an yi makonni kafin ƙarin ya bayyana a awon jini. Dalilin ke nan 'yan tsere ke tarewa a garin Iten na Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400, su daɗe suna atisaye. Sai dai abu idan ya yi yawa ya zama cuta: wasu mazauna tsaunukan Peru jininsu kan yi kauri har ya wahalar da zuciya.

Inda maganar ta fi taɓa mu, a ganina, ba kan dutse ba ne, ɗakin wankin ƙoda ne. Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon ƙoda ya san kamannin: tafin hannu ya yi fari fat, cikin ido ya koɗe, daga gado zuwa banɗaki sai an huta. 'Yan'uwa su yi ta dafa zogale da hanta, jini ya ƙi hawa. Ɓargon lafiyarsa ƙalau, mai ba shi umarni ne ya kwanta. Tun 1989 aka amince da allurar EPO a Amurka, kuma yau ana yin ta a asibitocinmu. Tana buƙatar isasshen sinadarin ƙarfe a jiki kafin ta yi aiki, tana kuma iya tayar da hawan jini, don haka ba allurar da za a saya a kemis a yi a gida gaba gaɗi ba ce.

Idan kuna da mai ciwon ƙoda da ke yawan kasala da haki, ku nemi a auna jininsa, ku kuma tambayi likita ko lokacin fara allurar ya yi.