ZAREN ZINARIYA: SAIWAR DA ƊACINTA YA ZAMA DUKIYA

Daga Wakilinmu

A kan duwatsun ƙasar Sin masu sanyi da hazo, da dazuzzukan arewa maso gabashin Indiya, da Japan, har zuwa fadamun Kanada, akwai wani ɗan tsiro wanda tsayinsa bai cika wuce taƙi guda ba. Ganyensa kore ne shar, mai tsage-tsage, ba ya kaɗewa ko da hunturu, furensa kuwa ƙanana ne. Wanda bai san shi ba zai taka shi ya wuce. Amma in aka tone ƙasa sai a iske saiwa rawaya, mai launin zinariya, mai ɗacin da ba a mantawa. Saboda wannan saiwa ne Turawa suke kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce zaren zinariya, masana ilmin tsirrai kuwa suka raɗa wa danginsa duka suna Coptis.

Tsiron ba ya fita a ƙasarmu, don ba ya jure rana da zafi. Amma sinadarin da ke cikinsa ya bazu duniya cikin ƙwayoyi da kwalabe, ana tallarsa ta intanet. Don haka ya kamata mai karatu ya san asalinsa, da amfaninsa, da kuma inda haɗarinsa yake.

IRE-IRENSA

Danginsa sun haura iri goma, amma biyar ne suka yi suna wajen magani.

Na farko, kuma babbansu a kasuwa, shi ne Coptis chinensis, wanda Sinawa suke kira huwangliyan. Ana nomansa a Chongqing da jihohin Hubei da Sichuan, gundumar Shizhu kuwa ita ta fi shahara da shi. Saiwarsa takan yi rassa a dunƙule, kamar ƙafar kaza, har ma da wannan kamanni 'yan kasuwa suke kiranta. Na biyu shi ne Coptis deltoidea, na wajen dutsen Emei a Sichuan. Na uku Coptis teeta, wanda ke fita a jihar Yunnan ta Sin da duwatsun Mishmi na jihar Arunachal Pradesh ta Indiya. Waɗannan uku su ne kundin magunguna na hukumar ƙasar Sin ya yarda a sayar da sunan huwangliyan.

Na huɗu shi ne Coptis japonica, wanda masu maganin gargajiya na Japan suke kira oren. Na biyar kuwa, Coptis trifolia, mai ganye uku-uku, yana fita a wurare masu dausayi na Kanada da arewacin Amurka da Saberiya. Saiwarsa siririya ce ƙwarai, tana ratsa gansakuka kamar an shimfiɗa zare. Daga gare shi ne sunan zaren zinariya ya samo asali.

YADDA MAGABATA SUKA YI AMFANI DA SHI

Sinawa sun rubuta labarin huwangliyan tun kusan shekara 2,000 da suka shige, a cikin tsohon littafin magungunansu mai suna Shennong Bencao Jing. Mashahurin likitansu Li Shizhen ya ƙara bayani a kansa cikin babban kundin da ya kammala a 1578. A ƙa'idar likitancinsu, ana lissafa saiwar cikin magunguna masu ɗaci masu sanyi, waɗanda ake ba wanda zafi ya yi wa yawa a jiki. Sukan dafa ta a sha don gudawa da atini da amai da zazzaɓi, a kuma wanke jan ido da ƙuraje da ruwanta. Ba safai ake ba da ita kaɗai ba, sai a haɗe da wasu itatuwa, bisa awo. Ɗacinta ya shiga har karin maganarsu, inda suke kwatanta mai baƙin cikin da ba shi da halin faɗa da beben da ya tauna huwangliyan.

Mutanen Mishmi sun daɗe suna haƙo irin nasu, suna gangarowa da shi kasuwannin Assam, inda ake nemansa don zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon ido. A can ƙetaren teku kuma, 'yan asalin Amurka ta Arewa, tun kafin zuwan Turawa, sukan tauna saiwar ko su kurkure baki da jiƙonta don ƙurajen baki. Turawan da suka zauna cikinsu sun koya daga gare su, har aka sa tsiron cikin kundin magunguna na Amurka na farko, wanda ya fito a 1820.

Abin lura a nan shi ne, ga al'ummomi masu nisa da juna, waɗanda ba su haɗa harshe ko hanya ba, amma duk sun nufi wuri guda: ciki, da baki, da ido.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Masana sun gano cewa launin da ɗacin duka daga wasu sinadarai suke, babbansu shi ne wanda ake kira barbarin. A ɗakin gwaji an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Shekaru da dama ke nan ana sayar da ƙwayarsa a kantunan magani na ƙasar Sin don tsayar da gudawa. Kaɗan ne daga cikinsa yake ratsa hanji ya shiga jini, mafi yawa a cikin hanjin yake tsayawa, wanda ya yi daidai da yadda magabata suka fi dogara da shi ga ciwon ciki.

Daga baya hankali ya koma wani fanni. A 2004 masu bincike na Sin suka ba da rahoton cewa barbarin yana rage kitsen da ke cikin jini. A 2008 wani gwajin da aka yi da mutane ƙalilan ya nuna yana rage sukarin jinin masu ciwon sukari. To, amma gwajin mutane ƙalilan na ɗan gajeren lokaci ba ya isa hujjar da za ta sa majiyyaci ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Duk da haka, a 2023 sai aka yi ta yayata shi a TikTok a matsayin maganin rage ƙiba, ana kwatanta shi da allurar Ozempic, alhali kuwa babu binciken da ya nuna ƙarfinsu ya zo ɗaya.

DARASIN SINGAFO

A 1978 gwamnatin Singafo ta hana sayar da huwangliyan da duk maganin da ke ɗauke da barbarin. Dalili shi ne likitocin ƙasar sun danganta shi da tsanantar shawara ga jarirai sabbin haihuwa, musamman waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari na jajayen ƙwayoyin jini mai suna G6PD. Barbarin yana iya sakin abin da ke kawo rawayar shawara ya yi yawo cikin jini, in kuwa wannan ya kai ƙwaƙwalwar jariri, lahanin ba ya gyaruwa. Sai a 2013, bayan shekara 35, aka fara sassauta dokar, aka ƙarasa ɗage ta a 2016, tare da gargaɗin kada a ba jarirai, da masu ciki, da masu shayarwa, da masu wannan ƙaranci.

Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye, domin ƙarancin G6PD ya yawaita a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, kuma da yawa daga masu shi ba su taɓa yin gwaji ba. Bugu da ƙari, barbarin yana rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jiki fiye da kima. Mai shan maganin sukari kuwa, in ya haɗa da shi ba da sanin likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da yadda ake so. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

NOMA DA ƘAREWA

Noman huwangliyan aikin mai haƙuri ne. Ana shuka shi a kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,000, a ƙarƙashin rumfa, kuma sai ya shekara biyar ko fiye kafin a tone. A da manoma sukan sare daji don samun itacen kafa rumfunan, yanzu kuwa ana ƙarfafa su su shuka shi a inuwar bishiyoyi masu rai. Wanda ke fita da kansa a daji ya yi ƙaranci ƙwarai, saboda saiwar ake so, kuma duk wanda aka tumɓuke ya tafi ke nan. Irin na Mishmi yana cikin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu. A 2021 ƙasar Sin ta sa dukan ire-iren Coptis na daji cikin jerin tsirran da doka ta kare.

Mu ma da muke cewa magani sai da ɗaci, muna da abin dubawa a nan. Wanda ya ga yadda ake ɗaye ɓawon maɗaci a bakin hanyoyinmu har bishiyar ta bushe, ya san cewa yawan nema yana kashe abin nema. Darajar da huwangliyan ya samu ta zo ne daga rubuta shi da aka yi, da auna shi, da gwada shi, da kuma bayyana wa jama'a waɗanda bai kamata su sha ba. Ɗalibanmu na fannin haɗa magunguna da ma'aikatan lafiya da na gandun daji su ne za su yi wa itatuwanmu irin wannan hidima, tun suna tsaye.