Taimakon gwamnati ga mai neman gidansa na fari

'Yan'uwa da yawa a ikilisiyoyinmu, musamman malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da 'ya'yanmu da ke aiki a birni, sun daɗe suna zaman haya. Kowace shekara kuɗin haya yana ƙaruwa, gidan kuwa ba nasu ba ne. Idan suka je banki neman rancen sayen gida, abin da ya fi tare musu hanya shi ne kafin alƙalami, wato kason kuɗin gidan da mai saye zai fara ajiyewa daga aljihunsa kafin banki ya cika sauran. A Nijeriya akwai hanyoyi biyu da gwamnati ta buɗe domin rage wannan nauyi. Za mu bayyana su a nan, amma mu sani tun da wuri cewa ba kyautar gida ake rabawa ba. Bashi ne mai sauƙin sharaɗi, kuma sai an biya.

Hanya ta fari: Asusun Gidaje na Ƙasa

An kafa wannan asusu, wanda aka fi sani da NHF, da dokar shekarar 1992. Bankin lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, shi ne yake riƙe da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Mai albashin naira 70,000 zai zuba naira 1,750 ke nan. Yawancin ma'aikatan gwamnati ana cire musu wannan kuɗi tun daga ofis, wasu ma ba su taɓa lura ba. Mai sana'ar kansa, kamar manomi, tela ko 'yar kasuwa, shi ma yana iya yin rajista ya riƙa zubawa da kansa.

Wanda ya kai shekara 18, ya kuma yi aƙalla wata 6 yana zubi, yana da ikon neman rance domin ya sayi gida, ya gina, ko ya gyara. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, ƙasa ƙwarai da abin da bankunan kasuwa suke karɓa. Lokacin biya yana iya kaiwa shekara 30, amma ana duba shekarun mutum da sauran shekarun aikinsa.

A shekarar 2018 bankin ya sassauta kafin alƙalami. Rancen da bai wuce naira miliyan 5 ba, aka cire masa kafin alƙalami gaba ɗaya. Daga nan zuwa miliyan 15, aka mayar da shi kashi 10 cikin 100. Kafin wannan lokaci akan nemi har kashi 20 ko 30 a kan manyan rance. Ka'idodi suna canzawa, saboda haka mu nemi banki ya ba mu na yanzu a rubuce.

Hanya ta biyu: kuɗin fansho

A shekarar 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ka'idar da ta ba ma'aikaci damar ɗaukar abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusun fanshonsa ba, ya biya kafin alƙalami da shi. Sai mutum ya yi wata 60 ana zuba masa kuɗi a asusun. Sau ɗaya tak ake ba da wannan dama. Miji da mata, idan dukansu sun cika sharuɗa, suna iya haɗa nasu su sayi gida ɗaya. Ba a miƙa wa mutum kuɗin a hannu, ana tura su ne zuwa bankin da zai ba da rancen. Mu tuna cewa guzurin tsufanmu ne muke taɓawa. Abin da muka cire yau zai rage abin da za mu karɓa bayan mun ajiye aiki.

Yadda ake nema

1. Mu tabbatar muna da lambar rajista ta NHF, kuma abin da ake cirewa daga albashinmu yana isa asusun. Ana duba wannan a ofishin FMBN na jiha.
2. Mu buɗe asusu a ɗaya daga cikin bankunan rancen gidaje da FMBN ya amince da su. Ta hannunsu ake miƙa takardar nema.
3. Mu tara takardu: takardun albashi na watannin baya, shaidar biyan haraji, takardar mallakar fili, rahoton mai ƙiyasta darajar gida, da taswirar gini mai hatimin hukuma idan gini za a yi.
4. Mu riƙe kwafin kowace takarda, mu karɓi rasit a kan kowane kuɗi da muka biya.
5. Mu yi haƙuri, gama amsa takan ɗauki watanni. Kada mu bar gidan haya kafin kuɗi su fito.

Takardar fili

Nan ne mu mutanen ƙauye muka fi samun cikas. Filayenmu na gado ne, shaidarmu kuwa mai unguwa ne da dattawa. Banki ba ya karɓar wannan. Bisa dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma tana ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, gwamnan jiha kuma shi ne yake sa hannu a satifiket ɗin mallaka, wanda bankuna suka fi nema. Samunsa yana cin kuɗi da lokaci, don haka gara a fara da wuri. Kada kowa ya jinginar da filin gado ba tare da sanin 'yan'uwansa ba, domin idan biya ya gagara, banki yana da ikon sayar da abin da aka jinginar. Wanda ba shi da fili mai takarda yana iya tambaya game da shirin FMBN na haya har zuwa mallaka, inda ake shiga gida ana biya a hankali har ya zama na mutum.

Mu zauna mu yi lissafi

A ce mun ranci naira miliyan 5 a kan kashi 6 cikin 100. Idan za mu biya cikin shekara 30, kowane wata zai kama wajen naira 30,000, jimla kuma kusan miliyan 10.8. Idan cikin shekara 15 ne, wata zai kama wajen naira 42,000, jimla miliyan 7.6. A ka'ida biyan wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samun mutum ba. Wanda zai biya 30,000 ke nan sai samunsa ya kai 90,000 a wata. Ban da wannan akwai kuɗin lauya, na mai ƙiyasi, na rajista da na inshora. Manomi ya lura: shi da kaka yake samu, banki kuwa kowane wata yake jira, har da watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Miji da mata su yi wannan lissafi tare. Su san sunan wa zai hau takarda, su kuma tambayi banki abin da zai faru da gidan idan mai biya ya rasu. Mun san wahalar da gwauraye da marayu suke sha a kan gidan da ba a fayyace mai shi ba.

A yi hattara da 'yan damfara

Duk wanda ya zo ƙauye ko bakin majami'a da fom, yana cewa a ba shi kuɗi ya sa sunanmu a jerin masu samun gidan gwamnati, kada mu saurare shi. Kada mu tura kuɗi zuwa asusun wani mutum. Matambayi ba ya ɓata: mu taka da ƙafarmu zuwa ofishin, mu tafi da wani ɗan'uwa da ya iya karanta takarda.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

Su wane ne a cikinmu ake cire wa kuɗin NHF, sun kuma san nawa suka tara?
Filaye nawa ne a ƙauyenmu suke da takarda? Za mu iya haɗa kai mu nema tare domin rage ɗawainiya?
Adashin zumuntar mata ko na matasa zai iya taimaka wa wani ya tara kafin alƙalami ba tare da ya taɓa fanshonsa ba?