Ƴaƴan itace da ciwon fitsarin dattawa

Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, daga kaba ya samo sunansa. Da ganyenta ake saƙar tabarmi da tukar igiya, in kuma ta girma ta zama goriba, yara su samu abin gwaguya. To, goriba tana da wata ƴar uwa a jihar Florida ta Amurka, gajeruwa mai ƙananan ƴaƴa baƙaƙe, wadda masana ke kira Serenoa repens. Daga ƴaƴan nan ake tatsar wani mai a zuba cikin ƙwayoyi, a sayar wa dattawa masu wahalar fitsari. Wanda aka fi sani a farmasi shi ne Permixon, na kamfanin Pierre Fabre a Faransa.

Kowane namiji yana da wani ƙululu ƙarƙashin mafitsara, girmansa kamar goro, likitoci suna ce masa furostat. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta bi. Idan shekaru suka ja sai ya riƙa ƙara girma yana matse hanyar, kamar yadda rairayi ke cike bakin rijiya sannu a hankali. Kusan rabin maza ƴan shekara 60 suna da wannan kumburi, ƴan shekara 80 kuwa wajen takwas cikin goma. Mutum ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya daɗe tsugune kafin fitsari ya zo, ya zo kuma ba ƙarfi, ya gama amma ɗigo ya biyo baya ya ɓata masa alwala. Dattijo da yawa sun fi jin zafin wannan na ƙarshe, kunya kuma ta hana su faɗa wa ko ɗan cikinsu.

Shin ƴaƴan itacen nan suna magani? An gwada. A 2006 likitocin Amurka sun bayyana sakamakon binciken da suka yi kan mutum 225 tsawon shekara guda: rabi sun sha maganin, rabi an ba su ƙwaya marar komi a ciki, ba wanda ya san wadda ya samu. Da aka auna, ba a ga bambanci ba. A 2011 aka sake da mutum 369, aka ninka awon har sau uku, sakamako bai sake ba. Sai dai hukumar magunguna ta Turai ta yarda da nau'i irin na Permixon don rage damuwar fitsari. Ba ya cika cutarwa, in ban da ɗan ciwon ciki ga wasu. Amma bai kamata magidanci ya sayar da buhun hatsi a kansa ba, balle a ce jiƙon goriba zai maye gurbinsa don kawai dangi ɗaya suke.

Babban hatsarin shi ne jinkiri. Alamun nan ba na kumburin furostat kaɗai ba ne. Sankarar furostat tana iya zuwa da su, haka ciwon suga, haka tsukewar hanyar fitsari da tsohon ciwon sanyi ke bari, ga kuma tsargiya ga waɗanda suka yi wanka a tabki. Mai tallar magani a kasuwa ba ya iya rarrabe su. Likita ne ke taɓawa da yatsa, ya auna jini da fitsari, ya san inda aka dosa. Fitsarin da ya daɗe yana taruwa kuwa yakan koma sama ya lalata ƙoda, mai shi bai sani ba.

Akwai magungunan da aka tabbatar: tamsulosine tana sassauta hanyar cikin kwanaki, finastéride tana rage ƙululun cikin wata shida. In sun kasa sai aikin tiyata, wanda ake yi a manyan asibitoci irin na Maraɗi da Damagaram da Yamai. Rage shayi da ruwa bayan isha'i yana taimakawa. A kuma yi hattara da tramol da wasu magungunan mura, domin suna iya ɗaure fitsari gaba ɗaya.

Duk dattijon da fitsari ya tsaya masa cak, mara ta kumbura, ko ya ga jini, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon kwiɓi, kada iyali su jira gari ya waye. A ɗora shi a amalanke ko mota zuwa asibiti mafi kusa, ko na Mayahi ko na Tasawa, inda za a sa masa ƴar roba fitsarin ya fita nan take.