Wasiƙa ta isa, amsa ta ɓace: a duba adireshin mai aikawa

Da yawa daga masu neman aiki ko gurbin karatu kan aika takardunsu ta imel, su yi ta jiran amsa, shiru kamar an shuka dusa. Wani lokaci an amsa musu, sai dai amsar ta faɗa wani akwatin da suka daɗe ba su buɗe ba, saboda adireshin da ya fita da sunansu ba shi ne wanda suke amfani da shi ba.

Matsalar tana da asali. Ƙa'idar aika imel ta SMTP, wadda aka wallafa a 1982, an tsara ta ne tamkar gidan waya: ma'aikaci yana kula da adireshin wanda za a kai wa, ba ruwansa da abin da mai wasiƙa ya rubuta a bayan ambulan. Don haka manhajoji irin su Outlook da Thunderbird sukan ɗauki abin da mutum ya shigar ranar da ya haɗa asusunsa, su ci gaba da liƙa shi a kan kowace wasiƙa, ko da harafi ɗaya ya kauce.

Kuskuren yakan zo ta hanya uku: tuntuɓen rubutu wajen haɗa asusu, tara asusu biyu ko uku a manhaja ɗaya, har na gida ya riƙa fita a madadin na ofis, da kuma tsohon adireshin mayar da amsa da aka manta ba a goge ba.

Gyaran ba ya buƙatar gwani. A shiga saitunan manhaja, a buɗe sashen asusu, a duba gurabe uku: suna, adireshin imel, da adireshin mayar da amsa. A zaɓi asusun da ake so ya zama na farko wajen aikawa, a kuma tabbatar cewa sabar da ke fitar da wasiƙa ta wannan asusun ce. Daga nan mutum ya aika wa wani akwatinsa wasiƙar gwaji, ya danna amsa, ya ga inda za ta nufa. Gani ya kori ji.

Sakaci a yau ya fi na da tsada. Saboda 'yan damfara masu aron sunan wasu, an ƙirƙiro hanyoyin tantancewa kamar SPF da DKIM da DMARC, kuma daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu a kan masu aikawa. Wasiƙar da adireshinta bai dace da sabar da ta fito ba, tana iya ƙarewa a kwandon tarkace, ko a ƙi karɓarta ɗungurungum.

Minti biyar na dubawa ya fi wata guda na zaman jira. Kafin ka zargi wanda bai amsa ba, tabbatar ka ba shi adireshin da zai same ka.